Na'ura Mai Ƙaho Huɗu a Ɗakin Kaka

"...Lafiya lau na tashi, amma tunda na ga fuskarki na san lafiyar ta kusa ƙarewa."

"Ni ma ba gaisuwa ce ta kawo ni ba. Leƙowa na yi in ga ko ɗakin ya zama nawa. Ina gajiya, Ango?"

"Yau kuma Ango ne? To, Allah ya tsare mini aljihuna. Mene ne wannan kika rungumo kamar jariri?"

Malama ta tura ƙofa da ƙafa ta shige ɗakin kakanta, kwali a ƙirji, naɗin waya a kafaɗa. Lissafi take koyarwa a makarantar sakandare, kuma a yammacin ranar za ta fara wani aiki da ta daɗe tana nema: koyar da ɗalibai ta intanet daga ɗakinta. An gaya mata ƙarara cewa darasin farko gwaji ne, in hoto ya yi ta tsinkewa to wani za a nema. Jiya ma'aikatan kamfani suka jawo waya daga turken bakin titi, da yake kuma ɗakin kakanta ne ya fi kusa da turken, nan suka kawo ta. Sun so su huda bango, tsohon ya tsaya da sandarsa ya ce sai dai su fara huda shi. Da hannunsa ya yi wa ɗakin shuɗin fenti, ko ƙusar rataye riga bai taɓa yarda an kafa ba. Dole suka zuro wayar ta saman taga suka bar bakinta yana lilo.

Kaka tsohon direban manyan motoci ne. Ya ajiye sitiyari tun tana firamare. Gwiwoyinsa sun yi ritaya, amma bakinsa ko hutun ƙarshen mako bai taɓa ɗauka ba. Tun tana rarrafe ya laƙaba mata Guntuwa. Ita kuwa in tana neman wani abu a wurinsa Ango ne, in ta samu sai ya koma Tsoho.

Ta buɗe kwalin a kan gadonsa, ta fito da wata baƙar na'ura mai faɗi, ta miƙar da eriyoyinta huɗu. Kaka ya gyara tabarau, ya janye ƙafafunsa.

"Subhanallahi! Wa ya sayar miki da kyankyaso?"

"Rauta ake ce mata. Ita za ta raba intanet a gidan nan. Ni da Mama da Baba, har da kai in ka yi ladabi."

"Da waɗannan ƙahonin?"

"Da su."

"To kai ta tsakar gida ki ɗaure. Ba zan kwana ɗaki ɗaya da abin da zai tunkuye ni cikin barci ba."

"Kai da kake minshari kamar tirela ta kama tudu? Ai ita ce abar tausayi. Kafin gobe ƙahonin nan sun lanƙwashe."

"Minsharina ne ya hana ɓarawo shiga gidan nan tun kafin a haifi babanki. Ko godiya ba ku taɓa yi mini ba."

Ta durƙusa a bayan tebur tana neman soket. Guda ɗaya ne tak a ɗakin, kuma filogin rediyonsa ne a ciki. Tana kai hannu ya ɗaga sanda.

"Taɓa ki gani! Rediyon nan ya girme ki, ya kuma fi ki hankali."

"Ya dai fi ka jin magana. Shi in an murɗa shi shiru yake yi."

"Ki gaishe shi tukuna."

"Ina kwana, Baba Rediyo. A ɗan matsa, an yi baƙuwa."

Ta zaro wani dogon soket mai bakuna da yawa daga jakarta, ta jona shi a bango, ta mai da filogin rediyon a baki na farko. Kaka ya murɗa ya ji yana magana, sannan ya sauke sandar, yana gunaguni wai muryar ta canja.

"Saura wurin zama," in ji Malama tana dube-dube. "Sama take so, inda ba abin da zai tare ta. Kan kabad ɗin nan ya yi. Riƙe mini kujera."

"Ke? Ko kin hau kujera ba za ki kai ba. Bari in kira 'yan kwana-kwana su zo da tsani."

"Riƙe dai."

"In na saki fa?"

"Ka rasa amarya, kuma babu wadda za ta sake kallon ka. Ni ma taimako nake yi."

Ta hau. Da ta leƙo ƙasa sai ta ga ya jingine sandar, ya kama kujerar da hannu biyu har jijiyoyinsa sun tashi. A kan kabad ɗin ta tarar da ƙura, da tsohuwar hula, da wani babban madubin gefen mota mai tsagewa a tsakiya.

"Tsoho, me madubin mota yake yi a nan?"

"Da shi nake hango maroƙa irinki tun daga nesa."

"Ai ya tsage."

"Ranar da kika fara duba fuskarki a ciki ne."

Ta ture madubin gefe, ta goge wurin, ta zaunar da rautar, ta cusa mata wayar kamfani da ta wuta. Wata ƙaramar fitila ta kama, ja. Ta jira. Fitilar ta ɗan ƙyafta, ta sake tsayawa a ja.

"Danja!" in ji Kaka. "Taka birki, Guntuwa, hanya a rufe take!"

Ta yi dariya, amma idonta yana kan fitilar. Ma'aikatan sun ce ba za su sake biyowa unguwar ba sai wani mako. Ta kashe ta kunna, ja dai. Ta juyo da na'urar tana duba bayanta, nan ta ga abin da ta yi: garin amsa wa tsohon magana ta cusa wayar kamfani a ɗaya daga cikin rawayen ramuka, alhali shuɗin ne nata. Ta zare ta mai da ita wurinta. Daidai nan Kaka ya saki kujera da hannu ɗaya ya ɗirka wa gefen kabad ɗin mari, har madubin ya yi rawa. Fitilar ta koma kore.

"Kin gani? Haka muke yi wa mota in ta yi taurin kai."

"Waya na gyara!"

"Mari na yi."

"To daga yau in ta lalace kai za a riƙa mari, tunda marin ne magani."

"Sauko kafin tsayin ya sa ki jiri. Ba ki saba ganin duniya daga nan ba."

Ta sauko ta zauna a bakin gado, ta buɗe kwamfutarta a cinya. Ya matso yana leƙe ta saman tabarau.

"Yanzu sai a sa mata suna."

"Suna? Ke kika haife ta?"

"Sunan da za a gani a waya, a san layin gidan nan ne."

"Sa mata Sarkin Hanya. Haka aka rubuta a gaban motata, kuma babu garejin da ba a san shi ba."

"To," ta ce, fuskarta ba yabo ba fallasa. Ta buga abin da ta buga. Sannan ta karɓi wayarsa ta saka masa kalmar sirri da kanta, tana kare allon da tafin hannu.

"Me kika rubuta?"

"Sirri ne. Shi ya sa ake ce mata kalmar sirri."

"A ɗakina? A wayata? A ɓoye mini?"

"Kai ko allura ka tsinta sai unguwa ta ji kafin azahar. In na gaya maka, zuwa yamma har kajin maƙwabta sun hau layin."

Bai kai ga ba ta amsa ba sai ga murya daga tsallaken titi. Mai askin da shagonsa yake kallon tagar Kaka ne ya fito bakin ƙofa, almakashi a hannu ɗaya, waya a ɗaya, yana dariya har da riƙe ciki.

"Baba Direba! Wani sabon layi ya fito a wayata, wai shi Tsoho Mai Rowa! Daga ɗakinka yake fitowa!"

Kaka ya juyo a hankali. Malama ta duƙar da kai cikin kwamfuta, kafaɗunta suna rawa.

"Guntuwa. Sunan nan yawo yake yi a iska?"

"Har bakin titi."

"Duk wanda ya wuce yana gani?"

"In yana da waya."

"Ni? Ni ne mai rowa? Ni da ban taɓa wuce mutum a tsaye a bakin hanya ba? Na ɗauki mai akuya, na ɗauki mai katifa, na taɓa ɗaukar 'yan ƙwallo gaba ɗayansu har da alƙalin wasa! Buɗe abin nan yanzu, kowa ya hau. Mai aski, mai shago, mai faci, kowa!"

"Ango, tsaya in tambaye ka. In motarka ta buhu ɗari ce, aka loda mata dubu, za ta hau tudu?"

"Na hau."

"Ƙarya kake yi."

"Na hau, da baya."

"To ni darasina ba ya tafiya da baya. In duk titin nan ya hau layin, yau da yamma ɗalibaina za su ga bakina a buɗe ya daskare, su yi ta kallon haƙorana har lokaci ya ƙare. Shi ke nan aikin ya tafi."

"Kallon haƙoran naki kaɗai ya isa ya kore su."

"Nawa dai ba sa kwana a kofi."

Ta ga wannan ta shige shi, sai ta tausaya masa, ta goge sunan ta rubuta Sarkin Hanya, ta juyo masa da allon. Ya karanta harafi-harafi, ya leƙa taga ya ƙwala wa mai aski kira ya ce ya sake dubawa. Mai aski ya duba, ya ɗaga babban yatsa, ya koma kan wanda ya bari da rabin gashi.

Malama ta fara tattara ledoji tana zuba su cikin kwalin. Sai ta lura ɗakin ya yi tsit, abin da ba a saba ba. Kaka ya koma kujerarsa, ba titi yake kallo ba, ɗaya tagar yake kallo, ƙaramar da ke fuskantar benen maƙwabta.

"Wannan kyankyason naki," ya ce ba tare da ya juyo ba, "yana ratsa bango?"

"Ɗaya ko biyu. In sun yi kauri sai ya gaji, kamar kai."

"Yana hawa bene?"

Ta ajiye kwalin. Ta gane inda aka dosa.

A saman benen nan akwai wani tsohon kafinta, abokin Kaka tun suna samari. Shekaru aru-aru suna zama a benci ɗaya a ƙofar gida, suna zagin juna daga hantsi har rana ta yi sanyi. Watannin baya kafintan ya zame a matakala ya karye a ƙugu, tun daga nan bai sake saukowa ba. Kaka kuma gwiwoyinsa ba sa hawa bene. Sau ɗaya ya gwada, aka dawo da shi daga tsakiyar matakala a kafaɗar mutum biyu, ya yi kwanaki yana cewa matakalar ce aka yi ta a karkace. 'Yar kafintan guda ɗaya ce, tana aure a wata ƙasa mai nisa, kuma ɗakin da yake kwance sabis ba ya shiga sosai, in ta kira da hoto sai ya yi ta yankewa har su haƙura.

"Wa kake tambaya wa?" ta ce, kamar ba ta sani ba.

"Ba kowa. Wancan tsohon banzan ne. Na ji an ce ya samu sauƙin baki tunda ba na kusa, har yana faɗa wa mutane wai shi ya koya mini tuƙi. Ina so in ga idonsa in ya maimaita."

"Kewarsa kake yi."

"Ni? Allah ya sauwaƙe! Mutumin da ya yi mini kujera mai ƙafa uku da rabi?"

"Wadda kake zaune a kai shekara da shekaru?"

"Don kada wani ya zauna ya faɗi nake danne ta."

Ta sake hawa kujera, ta sauko da rautar, ta ɗora ta a kan 'yar kantar da ke gefen ƙaramar tagar, ta karkata ƙahoni biyu suna kallon benen. Sannan ta ɗauki wayarta ta fita ta bi baranda zuwa ɗakinta, can ƙuryar gida. Tana tafiya sandunan sabis suna zubewa. Kafin ta kai teburinta saura ɗaya, ita ma tana zuwa tana ɓacewa. Ta tsaya tana kallon allon. Daga kan kabad sanda uku take samu. Daga tagar kuwa, kafinta zai samu, ita ta rasa.

Ta dawo ta tsaya a bakin ƙofarsa.

"Ango."

"An koma Ango. Faɗi, na zauna da kyau."

"In na bar ta a taga, abokinka zai samu, amma ɗakina ba ya kaiwa. Sai dai in ja wa kwamfutata waya kai tsaye daga nan, ga ta ma na zo da ita. Amma sai an huda bango."

"Wane bango?"

"Wannan."

Ya bi yatsanta da kallo har zuwa shuɗin bangon da ke tsakanin ɗakinsa da baranda. Ya dafe ƙirji.

"Ki bi da ita ta ƙarƙashin ƙofa."

"Ƙofarka tana shafar ƙasa, kwana kaɗan ta cinye wayar. Kuma ka yi tuntuɓe da ita ka faɗi, a ce amarya ta kashe ango don ta gaji rediyo."

"Ta taga."

"Sai ta zagaye gida duka, ba za ta kai ba."

"Laifinki ne. Komai naki guntu, har wayar."

"To shi ke nan, bari in mai da ita kan kabad. In na samu hali nan gaba na sayo wata ƙarama a kai masa."

Ba barazana take yi ba, iyakar abin da za ta iya ke nan, kuma ya ji hakan a muryarta. Ta kai hannu za ta zare filogi. Sandarsa ta sauka a hankali a kan hannunta.

"Wancan tsohon banzan yana da injin huda bango," ya ce yana kallon silin. "Tunda ya kwanta ba abin da injin yake yi sai tsatsa. Je ki karɓo. Kada ki ce ni na aike ki."

Kafin ta fita ta ware wani layi daban a kwamfuta, na baƙi, ta yanka masa rabonsa yadda ba zai taɓa nata ba. Ta haura benen maƙwabta da sallama. Matar kafintan ta shigar da ita. Tsohon yana kwance an tokare shi da filo, ya rame, amma idanunsa suna nan da ƙyallinsu. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta tambayi jiki, sannan ta karɓi wayarsa ta saka masa layin. Sanduna suka cika. Da ta faɗi abin da ya kawo ta, sai ya ɗago kai daga filo.

"Direba zai huda bangonsa? Shuɗin?"

"Shi, Baba."

"'Yata, faɗa mini gaskiya, jikin nasa ne ya tashi?"

"Lafiyarsa lau. Ya ce kada in ce shi ya aiko ni."

Kafinta ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya sa matarsa ta jawo injin daga ƙarƙashin gado, ya zaɓi bakin da ya dace da kansa, ya ce ta gaya wa direba cewa wannan ba giyar mota ba ce, kada ya nemi kulocinsa, kuma ya kula kada ya huda ƙafarsa.

Ta dawo ta isar da saƙon kalma-kalma. Kaka ya karɓi injin yana juya shi.

"Ba ni nan. Bangona ne, ni zan ji masa ciwo."

Ta nuna masa wurin, can ƙasa a lungu, inda ba wayar wuta a ciki. Ta jawo masa 'yar kujera ya zauna. Ya ɗora bakin injin a kan fentin, ya daɗe bai danna ba.

"Ko in rufe maka ido?"

"Rufe bakinki ya fi."

Ta durƙusa a gefensa ta ɗora hannayenta a kan nasa. Ya danna. Injin ya yi ƙara, farar ƙura ta zubo a kan shuɗin fenti, sai kuma bakin ya faɗa gaba ya fita ta baranda. Ya zare, ya sa ido a ramin.

"Ina hango ɗakinki. Tun yaushe rabonki da shara?"

"Ta ramin nan?"

"Ƙazanta ba ta ɓuya."

Ta zura wayar, ta bi da ita gefen bangon baranda tana maƙale ta har teburinta, ta cusa a kwamfuta. Ta kira wata abokiyar aikinta don gwaji. Hoto ya fito tar, murya ba ta ko yanke ba. Ta jingina da kujera ta sauke numfashin da ta riƙe tun safe.

Da ta koma ɗakin Kaka ta tarar ya sa hula, ya ɓalle maɓallin rigarsa har wuya, waya a hannu.

"Kwalliyar ta mece ce?"

"Sanyi nake ji. Danna mini abin nan."

Ta danna. Aka ɗauka. Allon ya cika da fankar silin, sannan da wasu manyan ramuka biyu masu gashi.

"Guntuwa, kin kira rijiya ne?"

"Hancina ne, mara kunya!" in ji muryar kafinta. Hoton ya yi tangal-tangal, sai ga fuskarsa ta bayyana a kan filo.

"Kai! Haka ka tsufa?" in ji Kaka.

"Ni ko kai? Wa ya yi maka aron wannan wuyan?"

"An ce wai kai ka koya mini tuƙi."

"Ni na tura motar ranar da ka fara. Ba koyarwa ba ce?"

"Cikin kwata ka tura ta!"

"Kai ke riƙe da sitiyari!"

Suka kwashe da dariya tare. Da dariyar ta lafa sai kowa ya zuba wa ɗan'uwansa ido. Malama ta juya tana share ƙurar bango da ta riga ta share.

"Ka rame," in ji Kaka, muryarsa ta yi ƙasa.

"Na fara taka ƙafar. Da sanda biyu. Likita ya ce in na dage zan sauko."

"Ka dage. Bencin nan ya karkace, ba mai danne ɗaya gefen."

"Zan sauko in gyara shi. To, kauce mini daga waya, 'yata zan kira. Na gaji da ganin mummunar fuska."

Allon ya yi duhu. Kaka bai ajiye wayar ba. Jim kaɗan, ta ƙaramar tagar, suka jiyo daga saman bene muryoyin yara suna rige-rigen magana cikin lasifika, da muryar mace tana cewa, "Baba, yau ina ganin ka sosai!" Matar kafinta tana cewa a matso da wayar ita ma ta gani. Kiran bai yanke ba. Suka yi ta saurare, bai yanke ba.

Kaka ya cire tabarau ya goge ido da bakin hannun riga.

"Tsoho, kuka kake yi?"

"Ƙurar bangon ce. Kin cika mini ɗaki da ƙura."

"Na share ta tun ɗazu."

"Sharar taki ai an san ta."

Ta ɗauki kwalinta za ta fita, don lokacin darasi ya matso kuma ba ta ko canja kaya ba. Tana bakin ƙofa ya yi magana ƙasa-ƙasa, yana kallon ramin.

"Kanki yana ja, Guntuwa."

Ta tsaya, ta kama kunne. "Me ka ce? Sabis ba ya kawowa nan."

"Na ce kanki yana ja."

"Yana yankewa. Ɗan matso kusa da taga."

"Na ce kin ci, ja'ira! Kin ci!" Ya fashe da dariya har hularsa ta zame. Ya jawo durowar tebur ya laluba, ya fito da wata 'yar kwalbar turare ya miƙa mata. "Ungo. Je ki shafa kafin ki zauna gaban yaran mutane, kada su gudu."

"Ango, ta intanet ake jin ƙamshi?"

"Abin da ya hau bene ba ƙafa? Shafa dai, Guntuwa. Ban yarda da ƙahonin nan ba."